Tuƙi a Hanyar Tsauni da Ruwa Ya Zaizaye: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Mota Mai Jan Taya Huɗu

Yawancin waɗanda suka sayi mota mai jan taya huɗu ba su taɓa sauke ta daga kwalta ba. Ranar da suka fara shiga hanyar tsauni, wadda ruwan sama ya yi shekaru yana ƙwaƙule ta har duwatsu suka fito fili, sai tambayoyi su taso musu a lokacin da babu wanda za su tambaya. Ga waɗanda aka fi yi, da amsar da zan ba wa duk wanda ya zauna kusa da ni kafin mu tayar da injin.

Duk motar da aka rubuta wa 4x4 a jiki za ta iya irin wannan hanya?

A'a. Akwai motocin da ke raba ƙarfi ga tayoyi huɗu don kada su zame a kan kwalta mai ruwa ko ƙanƙara, kuma a wannan aikin ba su da laifi. Hanyar tsauni da ta zaizaye kuwa abu uku take nema: ƙaramar giya, tazara mai kyau tsakanin cikin mota da ƙasa, da taya mai kaurin gefe. Motar da ba ta da ƙaramar giya za ta iya hawa wani wurin idan aka matsa mata, amma kuloci ko giyabos ne zai biya, kuma a gangara ba ta da abin riƙe kanta sai birki.

Ka kuma dubi siffar motar daga gefe. Idan hancinta ya yi tsawo gaban tayoyin gaba, bamba za ta daki tudu kafin taya ta taɓa shi. Idan bayanta ya yi tsawo, za ta ja gindi a ƙasa lokacin da take sauka daga dutse. Idan kuma tsakanin tayoyin gaba da na baya ya yi nisa, sai ta zauna da cikinta a kan ƙoƙuwar tudu, tayoyi na lilo. Wannan ne ya sa gajeruwar mota irin Jeep ta soja da aka fara ƙerawa a 1941, ko Land Rover ta farko ta 1948, ke wuce wurin da doguwar mota mai ƙarfin injin ninki uku za ta maƙale.

Mece ce ƙaramar giya, kuma yaushe ake sa ta?

Ita ce wadda ake rubuta wa 4L a jikin sandar giya ta biyu ko a maɓalli. Aikinta ta rage gudun tayoyi ta ƙara musu ƙarfin murɗawa. A yawancin motoci tana rage gudun ne sau biyu da rabi ko kusa da haka. A Jeep Wrangler ta gama-gari 2.72 ne, a samfurin Rubicon kuwa har sau 4. Ma'ana, giya ɗaya a 4L za ta tafi da kai a hankali fiye da tafiyar ƙafa, injin na aiki cikin natsuwa, kana da lokacin duba inda kowace taya za ta taka.

Ana sa ta tun a wuri mai shimfiɗa, kafin a fara hawa ko gangara, mota na tsaye ko tana ɗan motsi, giya a firi. Wanda ya bari sai ya kai tsakiyar hawa sannan ya fara kokawa da sandar giya ya makara.

Gargaɗi ɗaya: motar da ake sa wa jan huɗu da hannu, wato wadda ba ta da abin raba gudu tsakanin gaba da baya, kada a tuƙa ta a 4H (jan huɗu a babbar giya) ko 4L a kan busasshiyar kwalta. A kwana tayoyin gaba sun fi na baya yin nisa, kuma idan ƙasa ba ta bar ɗaya ta ɗan zame ba, farfela da giyabos ne ke murɗewa har wani abu ya karye.

Na ga mota ta tsaya cik, taya ɗaya a gaba da ɗaya a baya suna ta juyawa a banza. Ina jan huɗun ya tafi?

Wannan ita ce matsalar da zaizayayyiyar hanya ta fi haifarwa. A tsakiyar kowane aksul, wato ƙarfen da ke haɗa tayar dama da ta hagu, akwai difarenshiyal, wanda ke ba tayar dama da ta hagu damar juyawa da gudu daban-daban a kwana. Halinsa shi ne ba ya iya ba wa taya mai riƙo ƙarfin da ya wuce wanda tayar da ba ta da riƙo ke karɓa. To idan ramuka suka zo a karkace, tayar gaba ta dama ta faɗa rami, ta baya ta hagu ma ta rasa nauyi, sai ƙarfin ya tsiyaye ta waɗannan biyun, sauran biyun da ke kan ƙasa sosai su tsaya kamar ba su da injin.

Maganinsa makullin aksul, wanda ke tilasta tayoyin biyu su juya tare. Ana sa shi kafin wurin, a cire shi da an wuce, domin mota mai kulallen aksul ba ta son kwana, musamman idan na gaba ne aka kulle. Motocin zamani da yawa suna yin dabarar ne da kwamfuta: ta matse birkin tayar da ke juyawa a banza don ƙarfi ya koma ɗayar. Irin wannan tana bukatar ka riƙe totur daidai na ɗan lokaci ta gane abin da ke faruwa; idan ka ɗaga ƙafa da ka ji ƙarar kat-kat-kat, ka katse mata aiki. Wanda ba shi da ko ɗaya sai ya koma baya kaɗan, ya canza layi, ko ya cika ramin da duwatsu.

Me ke lalata waɗannan hanyoyi haka?

Ruwa ne, amma taya ce ke nuna masa hanya. Mota ta bi ƙasa mai laushi ta bar sawu biyu. Ruwan sama ya sauko daga tsauni ya tarar da sawun, ya bi shi. Gangara na ƙara masa gudu, gudu na ƙara masa ƙarfin kwashe ƙasa. Da farko yashi da laka yake ɗauka, daga baya tsakuwa, har ya bar manyan duwatsu tsirara da kwazazzabo a tsakiyar hanya. Kowane direban da ya zo ya taka totur tayoyinsa suka yi ta tono a wuri ɗaya ya sassauta wa ruwan baɗi ƙasar da zai kwashe.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu kauce wa wuri mai wuya su bi ta kan ciyawar gefe. Mota biyar suka yi haka, an sami sabuwar hanya. Bayan damina biyu ita ma ta zama kwazazzabo, sai a sake kaucewa. Haka hanya mai faɗin mota ɗaya ke zama tabo mai faɗin fili a jikin tsauni, kuma tsirran saman tsauni ba sa saurin farfaɗowa saboda sanyi da gajeren lokacin tsiro. Irin wannan ɓarna ce ta sa hukumar gandun daji ta Amurka ta fara shirin Tread Lightly! a 1985, don koya wa masu shiga daji da mota yadda za su rage ta. Ita ce kuma dalilin da hukumomi ke kafawa idan za su rufe hanya gaba ɗaya.

Idan ka ga ƙananan tudun ƙasa da aka gicciya a kan hanya a karkace, da gangan aka yi su don su karkatar da ruwa gefe. Ka hau su a hankali, kada ka rushe su.

Kwazazzabo ya bi tsakiyar hanya a tsaye. In shiga ciki ne ko in bi gefe?

Idan faɗinsa bai kai tsakanin tayoyinka ba, ka raba ƙafa a kansa: tayoyin dama a wannan gaɓa, na hagu a waccan, mota ta zauna daidai. Sai dai ka fara sauka ka bi shi da ƙafa har ƙarshe, domin kwazazzabo kan buɗe baki a gaba, kuma gaɓarsa kan zama ruwa ya cinye ta ta ƙasa, sama kawai ta rage. Idan ya zama dole ka tsallaka shi, ka tsallaka a karkace yadda taya ɗaya ce za ta shiga a lokaci guda, uku na riƙe da mota. Shiga da tayoyin gaba biyu tare shi ke kafe hanci a gaɓar da ke gaba.

Babban dutse kuma a taka shi da taya. Sabon direba yakan so ya bar shi ya wuce ta tsakiya, sai ya ji ƙara a ƙarƙashinsa. Ka durƙusa ka leƙa cikin motarka tun a gida, ka san inda ƙullin aksul, wato gidan difarenshiyal, yake, don a motoci da yawa ba a tsakiya yake ba, kuma shi ne mafi kusa da ƙasa.

Da gaske ne ana rage wa taya iska?

Ana ragewa. Tayar da ke da iskar kwalta, wajen 32 zuwa 36 a ma'aunin iska na psi, tauri gare ta, tana tsalle a kan dutse. Idan aka sauke ta zuwa wajen 20 ko 22, sawunta a ƙasa yana ƙara tsawo, robar tana lanƙwasa ta rungumi dutse, jijjiga ma ta ragu. Mota mai nauyin kaya ba a sauke mata kamar marar kaya. Idan aka yi ƙasa da 15 a rim na gama-gari, taya na iya zamewa daga rim a kwana ko a karkace, kuma gefenta ya fi fuskantar yankan dutse mai kaifi.

Kada ka rage iska idan ba ka da famfon mayar da ita. Taya mai ƙarancin iska a guje kan kwalta zafi take ɗauka har ta fashe.

A hawa, gudu ya fi ko sannu?

Sannu, gwargwadon yadda hanya ta yarda. A kan dutse mai riƙo, giya ɗaya a 4L, mota na rarrafe. A kan tsakuwa ko ƙasa mai zamewa, giya biyu ta fi, da ɗan ƙarfin tafiya da ka ɗauko tun daga ƙasa, domin giya ɗaya ƙarfinta kan yi yawa ta sa taya ta yi tono. Ka zaɓi giyar tun kafin ka fara, kada ka taɓa kuloci a tsakiya; daƙiƙa ɗaya da ka yanke ƙarfi ta isa mota ta tsaya. Ka fuskanci tudun kai tsaye. Dab da ƙoƙuwa ka sassauta totur, don hancin mota na kallon sama, ba ka ganin ko akwai rami, kwana ko wata mota a bayan tudun.

Wanda ya shigo hawa a guje yana dogara ne da sa'a. Mota ta yi tsalle, tayoyi na juyawa da ƙarfi a iska, ta dawo ƙasa su kama dutse farat ɗaya: a nan aksul ke karyewa. Manyan yatsunka kuma su kasance a wajen da'irar sitiyari, domin idan taya ta daki dutse sitiyari kan fizge da ƙarfin da zai iya gurɗe yatsa.

Na kai tsakiyar hawa mota ta ƙi gaba, ko injin ya mutu. Yaya zan yi?

Wannan ita ce tambayar da ya kamata kowa ya haddace amsarta kafin ya bar gida, kuma ya gwada ta a ƙaramin tudu sau da yawa har ƙafafunsa su saba.

Abu biyu ne ke kifar da mota a nan. Na farko, direba ya firgita ya taka kuloci, mota ta sulale baya ba abin da ke riƙe da ita. Na biyu, ya yi ƙoƙarin juya mota a jikin tudu don ya sauka da gaba. Da ta gicciya, nauyinta ya koma gefe ɗaya, sai ta mirgina. Hanyar sauka ɗaya ce: da baya, a miƙe, cikin giyar ribas, a kan sawun da ka hau.

A mota mai kuloci, da ka ji ta gaza, taka birki da ƙarfi ka bar injin ya mutu cikin giya. Ja birkin hannu. Yanzu abu uku ke riƙe da kai. Ka numfasa. Ƙafarka na kan birki, taka kuloci, sa ribas, saki kuloci gaba ɗaya, ka janye ƙafar hagu daga wurin. Sauke birkin hannu, sannan ka sassauta birkin ƙafa sannu-sannu har ka ji giya ce ke riƙe da motar. Duba baya, tabbatar tayoyin gaba a miƙe suke, sannan ka murɗa makulli ba tare da taɓa kuloci ba. Injin zai tashi mota ta fara sauka a hankali da kanta. Wasu motocin ba sa tashi sai an taka kuloci; wasu kuma suna da maɓallin da ke soke wannan sharaɗi. Ka san irin taka tun kafin ranar.

A mota atomatik, birki, birkin hannu, idan injin ya mutu ka tayar da shi a P ko N ƙafarka na danne da birki, sa R, sauke birkin hannu, ka sauka kana taɓa birki a hankali.

Ka kuma sani, idan injin ya mutu, taimakon da yake ba birki ba ya wuce taku biyu ko uku, daga nan birkin ya yi tauri kamar dutse, sitiyari ma ya yi nauyi. Saboda haka taku ɗaya za ka yi ka riƙe, kada ka yi ta famfo. Kuma a sauka da baya ƙaramin murɗa sitiyari ya isa. Nauyi ya koma tayoyin baya, na gaba suna iya zamewa gefe idan ka danne birki da yawa.

Da ka isa ƙasa, ka fito ka duba dalilin gazawar. Gwaji biyu ko uku ya isa. Bayan haka hanyar kake tonawa, kuma zuciya ce ta fara tuƙin.

Gangara fa? Ba birki kawai ake takawa ba?

Gangara ta fi hawa haɗari, domin a hawa nauyin mota yana tsayar da kai, a gangara kuwa tura ka yake. Tsaya a sama, sauka ka leƙa. Sa 4L, giya ɗaya, ɗauke ƙafa daga kuloci, ka bar injin ya riƙe motar. A atomatik ka kulle ta a 1 ko L, ka taimaka mata da birki a hankali, don ba ta riƙewa kamar mai kuloci. Sakin mota a firi a gangarar tsauni kuwa ba abin da za a kira shi sai ganganci.

Idan ka danne birki tayoyi suka daina juyawa, sitiyari ya daina aiki, mota ta zama kamar tabarma a kan santsi. Idan ka ji bayanta ya fara zagayowa gefe, abin da za ka yi ya saɓa wa abin da zuciya ke faɗa maka: sassauta birki, ka ɗan taɓa totur ma, ka miƙar da hanci ƙasa, tayoyi su sake kama ƙasa.

A doguwar gangara akwai matsalar zafi. Man birki nau'in DOT 4 sabo ba ya tafasa sai wajen digiri 230 a ma'aunin Salsiyos, amma idan ya tsufa ya sha danshi yana iya tafasa a wajen 155. Da ya tafasa, ka taka birki ya tafi ƙasa ba komai. Wanda bai canza man birki ba shekara biyu ko fiye ya canza kafin tafiya.

Maɓallin sauka gangara, wanda Land Rover ta fara sa wa Freelander a 1997 kuma yanzu ya bazu, yana aiki sosai: kwamfuta ce ke taɓa birkin kowace taya daban. Amma da birkin yake aiki, shi ma yana zafi.

Karkacewa nawa mota ke jurewa kafin ta kife?

Ba ni ba ka lamba, kuma kada ka dogara da wadda ke cikin littafin mota, domin an auna ta ne mota na tsaye a shimfiɗaɗɗen wuri ba kaya. A hanya, tayar ƙasa ta faɗa ɗan rami ko ta sama ta hau dutse, sai karkacewar ta ƙaru nan take. Kayan da aka ɗora a kariyar saman mota, jarkokin mai, safaya taya, tanti, su ne manyan masu jawo kifewa. Mai nauyi ya zauna ƙasa, tsakanin aksul biyu, a ɗaure. Idan ka ji tayoyin sama sun fara sauƙi, murɗa sitiyari zuwa gangara. Kowa ya ɗaura bel, kuma kada wanda ya fitar da hannu ta taga da sunan tokare mota.

Ido ma yana ruɗi. Tudun da aka ce gangararsa kashi 100 cikin 100 ce digiri 45 ne kawai, kuma digiri 25 a cikin mota ji ake kamar bango.

Mene ne amfanin mutum ya sauka yana nuna hanya?

Yana ganin tayoyi huɗu, kai ba ka ganin ko ɗaya. Mutum ɗaya ne zai yi magana. Na taɓa ganin direba a kan dutse, mutum huɗu na kewaye da shi, wannan na cewa dama, wancan na cewa hagu, har ya rasa wanda zai bi ya zaunar da motar a kan cikinta. Ku yarda da alamun hannu tun farko, musamman ta tsayawa. Mai nunin ya tsaya inda direba ke ganinsa, nesa da layin da mota za ta bi idan ta kuɓuce, kuma kada ya yi tafiya da baya yana nuni. Ya tsayar da mota, ya matsa, sannan a ci gaba.

Mun haɗu da wata mota a hanyar da ba ta ɗaukar biyu. Wa zai kauce?

A al'adar masu wannan tuƙi, mai hawa ke da hanya, domin tashi daga tsaye a jikin tudu ya fi wuya, kuma komawa da baya zuwa ƙasa ya fi haɗari. Amma idan wurin rakuɓewa na kusa da kai, ka rakuɓe ko da kai ne mai hawa. Ka faɗa wa wanda kuka haɗu motoci nawa ke bayanka. A cikin ayari kuma, mota ɗaya ce a jikin tudu a lokaci guda. Na baya ya jira har na gaba ya ƙare.

Tsayin tsauni yana shafar injin?

Yana shafa. Injin da ba shi da turbo yana asarar kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300 da aka hau, saboda iska na ƙara sirancewa. A mita 3,000 kusan kashi ɗaya cikin uku ya tafi. Ga aiki mai nauyi a tafiyar hawainiya, iska ba ta ratsa lagireto sosai, sai zafi ya hau. Ka riƙa duban allurar zafi, kuma kada ka buɗe murfin lagireto yana da zafi.

Jikin mutum ma haka. Daga wajen mita 2,500 wasu kan fara ciwon kai, tashin zuciya da jiri. Direban da ke cikin wannan hali ya ba wani sitiyari, idan abin ya ƙaru a sauka ƙasa.

Idan ruwan sama ya sauko muna tsakiyar hanya fa?

Hanyar da ka hau da safe a bushe wata hanya ce dabam bayan ruwan rabin awa, musamman mai jar laka, wadda ke cika zanen taya ta mayar da ita sumul. Sau da yawa abin da ya fi shi ne a sami wuri mai tudu, nesa da kwazazzabo da gindin gaɓa mai zubowa, a jira ƙasa ta sha iska.

Rafin tsauni kan cika cikin mintuna ko da ba a kanka aka yi ruwan ba. Hukumar yanayi ta Amurka tana gargaɗin cewa ruwa mai gudu da zurfinsa ya kai santimita 30 yana iya tafiya da ƙaramar mota, mai santimita 60 kuwa har manya. Idan kuma injin ya zuƙi ruwa ta hanyar iskarsa, ruwa ba ya matsuwa, sai ƙarafunan ciki su lanƙwashe. Injin da ya mutu a cikin ruwa kada a sake tayar da shi. Bayan an tsallaka, a ɗan taka birki ana tafiya don ya bushe.

Mota ta kafe. Da me ake fitar da ita?

Fara da shebur. Sau da yawa tone ƙasar da ta tokare aksul, jera duwatsu a ƙarƙashin taya da rage iska kaɗan sun wadatar. Idan za a ɗaga da jak, a tokare sauran tayoyi da duwatsu, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashi.

Idan sai an ja, a ɗaura igiya a wurin da aka ƙera don ja, wanda ke haɗe da ƙashin mota. Ƙwallon ƙarfen nan na jan tirela da ke bayan mota ba wurin ɗaura igiya ba ne. Yakan tsinke ya tashi kamar harsashi, kuma ya kashe mutane. Igiya mai talewa da ake fizgar mota da ita ta yashi da taɓo ce. A jikin tudu mai duwatsu winci, wato injin da ke naɗe igiya yana jan mota, ya fi, don yana ja a hankali. Ana zaɓar wincin da ƙarfinsa ya kai ninki ɗaya da rabi na nauyin mota da kayanta. Ƙarfinsa ya fi yawa idan an warware igiyar sosai, amma a bar aƙalla zagaye biyar a jikin gangar da igiyar ke naɗewa a kai. A naɗa wa bishiya faffaɗan maɗauri don kada igiya ta yanke ɓawonta, a ɗora bargo ko wani abu mai nauyi a tsakiyar igiyar, a sa safar hannu, 'yan kallo kuma su ja baya fiye da tsawon igiyar.

Zan iya tafiya da mota ɗaya?

Mutane na yi, ni dai ba na ba da shawarar haka a hanyar da ba ka sani ba. Mota biyu ko uku ita ce daidai. Ka bar wa wani a gida sunan hanyar da lokacin da za a fara nemanka, ka sauke taswira a waya tun akwai sabis, ka ɗauki ruwan sha da abin rufa na kwana ɗaya fiye da shirinka. Mai kuma ka lissafa shi da awa, domin a 4L mota na iya yini tana aiki ba ta yi kilomita 30 ba.

Waɗanne hanyoyi ne suka yi suna a duniya?

Rubicon, a tsaunukan Saliyara Nebada na jihar Kalifoniya, tsawonta wajen kilomita 35 ne kawai, amma yawancin masu binta kwana suke yi a hanya. Daga gare ta Jeep ta samo sunan samfurinta na Rubicon. Black Bear a jihar Kolorado tana hawa kusan mita 3,900 sannan ta gangara garin Telluride ta kwanoni masu tsanani, kuma wannan sashen sauka kawai ake yi. A kudancin Afirka akwai Sani, wadda ke hawa tsaunukan Drakensberg daga Afirka ta Kudu zuwa Lesoto har mita 2,876, sai da fasfo domin iyakar ƙasa ce. A arewa maso yammacin Namibiya kuma akwai Van Zyl, mai sauka kwarin Marienfluss, wadda aka saba bi daga gabas zuwa yamma, wato ta gangara. Kowacce da dokokinta da lokacin da ake buɗe ta, sai a bincika wurin hukumar yankin kafin a ɗaura kaya.

Mun sauko lafiya. Akwai abin da ya rage kafin mu hau kwalta?

Cire makullin aksul, fita daga 4L, koma jan biyu idan motarka irin wannan ce. Idan giyar ta ƙi fita, yi baya 'yan mitoci a miƙe, za ta saki. Mayar da iskar tayoyi, ka shafa gefen kowacce ciki da waje ko akwai yanka ko kumburi. Leƙa ƙasa ko mai na ɗiga, ko wani ƙarfen sitiyari ya lanƙwashe, ka zare busasshiyar ciyawar da ta maƙale kusa da salansa don tana kama wuta. Lakar da ta daskare cikin rim za ta sa sitiyari rawa idan ka ɗauki gudu, sai a kankare ta. Kilomitocin farko ka tafi a hankali, gilashi a sauke, kana sauraron ko akwai ƙarar da ba ka fito da ita daga gida ba.